Iskar Gabas a Tungar Kirya

An haifi Habsatu a wani ƙauye kusa da Damana. Ubanta Bakurfaye ne mai fataucin kanwa, uwarta Bazabarma, shi ya sa har ta tsufa, in ta tsorata ko ta yi fushi, Zabarmanci kan riga Hausa fitowa daga bakinta. Tana budurwa aka tafi da ita biki Tungar Kirya, wani ɗan ƙauye da gidajensa ba su kai ashirin ba, a gindin dutsen da ya yi wa kwarin dallol iyaka ta yamma. Ta gabas kuwa babu abin da ya tare garin, yashi ne da gonakin gero da goruba nan da can har iyakar ganin ido. A bikin nan ta ga wani saurayi a kan ɗakin amarya yana baibaya, igiyar kaba a bakinsa, amma hakan bai hana shi surutu da mutanen da ke ƙasa ba. Sunansa Sahabi. Kafin damina ta zagayo an ɗaura musu aure.

Sahabi manomi ne kamar kowa, amma da rani sana'arsa jinka. Shi ke ɗaure tsaikon rufin ɗaki, ya zagaye shi da sandunan tanka, ya baibaye shi da ciyawar shuci, kuma daga Tabla har ƙauyukan bayan dutse ana aikowa a kira shi. Mutum ne mai magana. Yana magana da jakinsa, yana magana da igiya in ta ƙi murɗuwa, in ya dawo daga aiki sai ya ba Habsatu labarin kowane gida da ya shiga da irin tuwon da aka kawo masa. Ita kuwa ba ta da yawan magana. Tana zaune tana saƙar tabarma tana saurare, jefi-jefi ta yi dariya. Haka zaman ya yi musu daidai.

Ta haifi shida, biyu suka rayu: Hamidu, ɗan fari, wanda don kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan yaron", da kuma Dijatu, autarta. Shekarar da aka ce Nasara sun miƙa mulki, an kira Sahabi Filinge ya kafa rumfunan da baƙi za su zauna. Habsatu ta bi shi, riƙe da hannun Dijatu. Ta ga 'yan lakwal, wato yaran makaranta, sun jeru suna waƙa da Faransanci, ta ga an ɗaga tuta, jawabin da aka yi kuwa ba ta gane komai a ciki ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne manyan mutane da rawuna suna zaune a inuwar da mijinta ya ɗaura, ba wanda ya san shi a cikinsu, shi kuma yana tsaye can gefe a rana yana duban ɗaurin ko zai saki.

Shekarun da suka biyo baya an sami ruwa, rumbu ya cika. Hamidu ya fara zuwa Kurmi, can kudu, ci-rani, yana dawowa da atamfa da fitila. Daga baya ya yi aure can, zuwan ya ja baya, sai saƙo a bakin matafiya, sannan saƙon ma ya ɗauke. Dijatu ta auri wani direban kamyo, babbar motar kaya, suka koma Yamai. Gida ya rage daga Habsatu sai Sahabi da surutunsa.

Ciwon ya same shi lokacin da ruwa ya fara ƙaranci. Ya sauko daga kan wani ɗaki ya ce hannunsa na dama ya yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Da gari ya waye ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin likita a Filinge a kan amalanke, aka dawo da shi yadda aka kai shi. Hankalinsa na nan, idanunsa na bin duk wanda ya shigo, amma maganar nan tasa duk ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa: "To." Da ita yake cewa i, da ita yake cewa a'a, da ita yake neman ruwa ko a juya shi. Sannu a hankali Habsatu ta koyi rarrabe su. Masu zuwa gaisuwa kuwa sukan zauna kaɗan, su rasa abin faɗa, su tashi.

Sai fari ya kankama. Gero ya tsiro ya bushe tun bai kai gwiwa ba, aka sake shuka, ya sake bushewa. Shuci bai fito ba, gamba ba ta fito ba, don haka ba wanda ya sabunta jinkarsa, ƙarshe ma mutane suka riƙa zare tsohuwar ciyawar ɗakunansu suna ba shanu. Shanun suka ci suka mutu. Jakin Sahabi ya bi su. Mata suka shiga daji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, a dafa a ci. Gida-gida aka fara tashi, wasu Filinge, wasu Yamai, wasu suka yi kudu ba su ma san inda za su tsaya ba.

Na ƙarshen tashi shi ne Manzo, ƙanen Sahabi ɗan baffansa. Ya shigo da safe, iyalinsa na jiransa a bakin hanya da kaya a ka.

"Habsatu, tashi mu tahi," ya ce. "An ce ana rabon dawa Hilinge. Mu aza yaya bisa jakina, ni in riƙe shi."

"In mun kai, ina za mu kwantar da shi?"

"Inda kowa ka kwana. Gindin icce."

Habsatu ta dubi Sahabi. Ya miƙa hannun hagu ya damƙe ƙafar gado, ya ce, "To."

"Ka ji shi," in ji ta.

"Na ji ya ce to."

"Ba wannan to ɗin ba ne."

Manzo ya dubi wansa, ya dube ta. Ya ce, "Ke kaɗai da rijiyag ga?" Ta ce Allah na nan. Ya kwance gugansa da igiya daga kan jaki ya ajiye mata a bakin ƙofa, ya durƙusa ya kama hannun wansa, sannan ya fita ba tare da ya waiwayo ba.

Tun daga ranar Habsatu ta zama ita ce garin. Da asuba ta tafi rijiya, ta jefa guga, ta jira ruwa ya tsattsafo, wani lokaci hantsi ya yi tulu bai cika ba. Ta dawo ta wanke Sahabi, ta juya shi, ta dama masa abin da ya samu, ta ba shi a ludayi. Akuya guda ce ta rage mata, tana kakkaɓo mata 'ya'yan gawo. In ta ratsa ta tsakiyar gari sai ta ji tufaniyar gidajen mutane na bugawa, ta waiwaya, ba kowa. Ita da ba ta saba magana ba, yanzu ita ke ba Sahabi labari. Ta gaya masa yadda ruwan rijiya ya ƙara nisa, da yadda yashi ya hau dangar gidan liman, da ƙadangaren da ta gani a cikin turmin wance. In labari ya ƙare mata sai ta maimaita masa nasa na da, wanda ya sha ba ta, yana saurare ido a rufe. A ƙarƙashin gado akwai wata 'yar tukunya da ta binne, bakinta liƙe da laka, irin gero ne a ciki. Akwai ranakun da yunwa ta sa ta zauna tana duban wurin, amma ba ta tona ba.

Manzo yakan leƙo lokaci-lokaci da 'yar jar dawar da ake rabawa a Filinge, ya kwana ɗaya ya koma. A wani zuwan ya ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Habsatu ta ce, "Allah shi sa su zo da ruwa." Ta tambaye shi ko an ji labarin Dijatu, ko na wancan yaron. Ya ce Dijatu na nan lafiya, an gan ta. Na Kurmi kuwa shiru.

Da bazara ta yi nisa iska ta juya, ta fara zuwa da ɗan danshi. Shamuwa ta sauka a kan gawon bakin rijiya. Hadari ya haɗo ya watse, ya sake haɗowa ya watse, ko ɗigo bai zubar ba, sai zafi da ya ƙaru. A lokacin ne Sahabi ya fara damun ta. Yana kwance rigingine, ido a kan jinka, yana ɗaga hannun hagu yana nuni, ya ƙi ci, ya ƙi barci. Ta bi hannun da kallo. Rana na shigowa ta ramuka ko'ina, tankar tsakiya kuma gara ta cinye ta, da ta taɓa sai gari ya zubo mata a fuska.

"Na gani, mai gida. Mi kaka so in yi? Ni mace ce."

"To."

"An taɓa ganin mace bisa ɗaki?"

"To. To."

Ta sake duban ramukan. Can ta ce, "Wa zai gan ni ma," ta yi dariya ita kaɗai.

Ta shiga dallol neman kaba. An yanke ta kusa har ƙasa, sai da ta yi nisa ta samu. Ta jiƙa ta da ruwan da ta wanke Sahabi da shi, ta zauna tana murɗa igiya a kan cinyarta har fatar ta saluɓe. Ciyawar baibaya kuwa babu ita a daji, sai a kan ɗakunan waɗanda suka tafi. Wannan ya yi mata nauyi ƙwarai. Ta je gidan Manzo ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama kamar da mutane a ciki, ta jira kaɗan, sannan ta ce, "Ni ce, Habsatu. Aron shuci na zo, in an yi ruwa na biya." Ta zare abin da za ta iya ɗauka daga kan ɗakin girkinsu ta tafi da shi.

Ta jawo Sahabi a kan ƙirgi ta fito da shi inuwar rumbu, ta jingina shi inda zai ga ɗakin. Ta kife turmi ta taka, ta hau kan bango. Ta toshe ramukan, ta ɗaura sabuwar tanka da rassan sabara a kan tsohuwar. Sannan ta ɗaura dutse a bakin igiya ta jefa ta kan ƙololuwar jinkar, ta zagaya ta kamo, ta ɗaure a turakun da ta buga da taɓarya. In ta yi ƙulli ba daidai ba sai ya ce "To!" da ƙarfi, ta kwance ta sake. In ya yi daidai sai ya lumshe ido. Igiyar da ke fuskantar gabas ya sa ta ninka ta, ta ɗaure a jikin dutsen niƙa, ta binne dutsen. Ta haƙa magudana ta zagaye ɗakin, ta tara yashi a bakin ƙofa. Ta tono tukunyar iri ta naɗe ta da tsohon buzu, ta aza ta a kan duwatsu a ƙarƙashin gado. Aikin ya ci kwanaki, don ba ƙarfi a jikinta, takan yi kaɗan ta zauna har jiri ya sake ta.

Ranar da abin ya zo, gari ya waye ba ko motsin iska. Akuya ta ƙi fita daga inuwa. Bayan azahar Habsatu na dawowa daga rijiya da tulu a ka, sai ta ga gabas ta canza. Ba irin hadarin da ta saba gani ba ne. Wani jan bango ne ya tashi daga ƙasa har tsakiyar sama, samansa baƙi wuluk, yana birgima yana tahowa, gorubar nesa na ɓacewa a cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙara tukuna. A da, in aka ga irin wannan, gari kan ruɗe: mata na ƙwala wa yara kira, maza na koro dabbobi, wani ya hau tudu ya yi kiran salla don Allah ya sassauta. Yau sai ƙarar takunta a kan yashi.

Ba ta yi gudu ba, don kada ruwan ya zube. Ta shigar da tulu, ta kwashe garwashi a kasko ta rufe da toka, ta kashe sauran wutar, ta jawo akuya ciki ta ɗaure a ƙafar gado. Ta ja tufaniya ta ɗaure ta da igiya, ta tokare da taɓarya. Ta zauna kusa da Sahabi ta ce, "Ga shi nan ya taho, mai gida." Ya riga ya ji a jikinsa, idanunsa na kan jinka.

Da farko wata iska mai sanyi ce ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Sannan rana ta mutu. Duhu ya rufe ɗakin har ba ta ganin hannunta, kuma ƙarar ta iso gaba ɗaya, kamar garken shanu dubu sun ratso gari. Yashi ya riƙa shigowa ta kowace kafa, ya cika baki, ya cika ido. Jinka ta ɗaga ta koma, ta ɗaga ta koma, igiyoyin na kuka. A waje tana jin abubuwa na wucewa, danga, ƙwarya, rassan itace, wani abu babba ya bugi bango ya wuce. Akuya na ta fizge-fizge.

Cikin wannan ƙara ta ji wani sauti kusa da kunnenta. Sahabi ne. Ya ɗaga hannun hagu ya kai kunne, yana jan murya, tana fita a karkace ba kalma ko ɗaya a ciki, amma ta gane abin da yake nufi. Kiran salla yake yi, tunda ba wani namiji a garin. Ta bar shi ya yi ta yi har numfashinsa ya ƙare.

Igiyar arewa ce ta fara tsinkewa. Ta ji ƙarar kamar bulala, jinkar ta karkata, wani jan haske ya shigo ta tsakaninta da bango. Habsatu ta taka gado ta kama tanka da hannu biyu ta rataya da duk nauyinta. Amma wane irin nauyi gare ta bayan shekarun anza? Iska ta ɗaga ta tare da jinkar, ƙafafunta suka bar gado, ta sauke ta, ta sake ɗaga ta. Sahabi ya kama gefen zanenta yana ja yana cewa "To, to, to," ta san cewa yake ta saki. Ta saki ta faɗo a kansa. Jinkar ta yi tsaye a gefe ɗaya, igiyar gabas ta riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ta tafi gaba ɗaya, sama ta buɗe a kansu.

Sai ruwa. Ba saukowa yake ba, a kwance yake zuwa, haɗe da ƙanƙara mai dukan jiki kamar tsakuwa. Walƙiya na haska ɗakin, aradu na faɗuwa a kan dutsen yamma. Habsatu ta jawo Sahabi daga kan gado zuwa ƙasa, ta tura shi ƙarƙashi kusa da tukunyar iri, ta shimfiɗa ƙirgi da tabarmi a kan gadon, ta kutsa ta shiga ita ma. Ba a jima ba ruwa ya taru a cikin ɗakin, don yashin da ta tara a ƙofa don ya hana shi shiga, shi ya hana shi fita. Ta ɗora kan Sahabi a cinyarta, ta ɗora tukunyar a kan ƙirjinsa ta riƙe da hannu ɗaya. Bangon gabas ya jiƙe ya fara zubowa guntu-guntu, sannan wani babban ɓangare ya rufto a kan gadon. Itacen gadon ya yi ƙara ya lanƙwasa har ya taɓa bayanta, amma bai karye ba. Ta miƙa ƙafa ta tunkuɗe tufaniya da yashin ƙofa, ruwan ya sami hanya.

Daga can bayan gari ta ji ƙoramar da ke saukowa daga dutse, wadda ta yi shekara da shekaru a bushe, tana ruri. A nan ne tsoro ya kama ta sosai. Addu'ar da take yi ta koma Zabarmanci, irin wadda uwarta ke yi. Ta kira Manzo, ta kira liman, ta kira matan da suke daka tare, ɗaya bayan ɗaya, alhali ta san ba wanda ke nan. Daga ƙarshe ta buɗe baki ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba tun ranar da aka raɗa shi.

"Hamidu! Hamidu!"

Iska ta ɗauke shi tun bai fita daga ɗakin ba. Sahabi ya lalubo hannunta ya riƙe.

Kafin faɗuwar rana iskar ta kwanta, ruwan ya koma yayyafi, wani haske rawaya ya fito ta yamma. Habsatu ta rarrafo ta fito, ta tsaya a inda ƙofa take. Ba ta gane garin ba. Dangogi duk sun kwanta, tana hango ƙarshen gari daga tsakar gidanta. Ɗakuna sun zama zoben laka ba rufi. Gawon bakin rijiya ya tumɓuke, saiwoyinsa a sama, bakin rijiyar ya rufta. Jinkarsu tana can cikin gonar wani, a kife kamar faifai. Akuya ta tsinke igiya ta fita, ta same ta a lafe a ƙarƙashin rumbu tana rawar sanyi. Ko'ina ruwa ne kwance, ƙasa na ƙamshi, kuma daga wajen ƙorama kwaɗi sun fara kuka, abin da ta manta yadda yake.

Ɗaki ɗaya ya rage da rufi a garin, wani ɗan ƙaramin ɗakin ajiya a gidan liman, wanda katangar masallaci ta kare. Ta yi sallama a nan ma. Ta jawo Sahabi a kan ƙirgi cikin taɓo, tana ja tana hutawa, har ta kai shi. Garwashin kasko ya mutu, ashana ta jiƙe, ba wuta. Ta tuɓe masa rigar da ta jiƙe, ta jawo akuya ta kwantar a gefensa don ɗumi, ita ta kwanta a ɗaya gefen.

Da safe ta fasa lakar bakin tukunya. Irin bai jiƙe ba sai na sama-sama. Ta ɗauki sungumin Sahabi ta tafi gona. A al'ada namiji ke gaba yana sara, mace na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ita kuwa sai ta sare layi har ƙarshe, ta ajiye sungumi, ta dawo farko ta bi shi da iri. Ta duba gabas ta duba yamma, duk faɗin gonakin Tungar Kirya ba mai shuka sai ita.

Bayan 'yan kwanaki Manzo ya iso da 'ya'yansa maza biyu, sun ji labarin ruwan a Filinge sun zo shuka. Ya tsaya a tsakar gidan wansa yana duban bangon da ya rushe da gadon da ya lanƙwashe, ya ɗauka sun mutu, har ya fara salati sai ya hango ta tana tahowa daga gona.

"Kuna ciki anka yi wanga abu?"

"Muna ciki."

"Ke da wa?"

"Ni da shi." Sannan ta ce, "Na ɗebi shucin ɗakin girkinku, Manzo. Iska ta tahi da shi."

Manzo ya dubi inda gidansa yake a da, ba ɗakin girki ba, ba ɗakin kwana ba. Sai ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hannu.

Su suka ɗauko jinkar daga gona, suka gyara bango, suka mayar da ita. Amma sanyin ranar nan ya riga ya shiga ƙirjin Sahabi. Tari ya kama shi, ya daina karɓar kunu, ya rasu gero na kai gwiwa. Maza huɗu suka yi masa salla, Manzo da 'ya'yansa da wani Bafillace da ya ratso da ragowar shanunsa. Habsatu ta yi takaba tana noma, don ba wanda zai yi mata. Abin da ya fi damun ta a watannin nan, in ji ta daga baya, shi ne in ta dawo daga gona da labari a bakinta, sai ta shiga ɗaki ta tuna ba wanda za ta ba.

Daminar ta yi kyau gwargwado, gero ya nuna. Wasu daga cikin mutanen garin suka dawo, da yawa ba su dawo ba. Hamidu ya ji rasuwar ubansa bayan shekara, ya aiko da turmin zane da gaisuwa a hannun wani ɗan Tabla, shi kansa bai zo ba. Dijatu ta zo bayan girbi ta matsa sai uwarta ta bi ta Yamai. Habsatu ta je ta yi rani ɗaya. Gidan haya ne mai rufin kwano, mutane cike, rediyo na magana tun safe, jikokinta ba su san ta ba, suna kewaye ta kamar baƙuwa. Da ta ji iska ta fara juyawa sai ta ɗaure kayanta ta ce a sa ta a motar Filinge.

Ta ƙara shekaru a Tungar Kirya, tana noma 'yar gonarta, matan Manzo na aiko mata da tuwo in jikinta ya ƙi. Ba ta cika ba da labarin ranar iskar ba sai an tambaye ta, in ma ta fara takan tsaya a tsakiya ta ce sauran Allah ya sani. Ta rasu da sanyi, shekara guda kafin fari na biyu ya zo. Saƙo bai isa Yamai da wuri ba, Dijatu ta iso an riga an yi sadakar uku. Ta kwana biyu a ɗakin uwarta, ta raba wa matan gari tukwane da ƙore, ta koma. Gonar kuwa jikokin Manzo ke noma ta.